Ko an kulle ambulan, tafiyar bayanai na tona asiri

A da, mai kula da netwok lambar ƙofa (port, lambar da ke nuna irin hidimar da bayanai suka nufa) kawai yake dubawa ya san abin da ke wucewa ta layinsa: 80 shafin intanet, 25 imel, 53 neman adireshi. Yau kusan komai ya taru a ƙofa ta 443, kuma a kulle, wato an rikita bayanan yadda mai kallon layi ba zai iya karanta su ba. Tun fitowar tsare-tsaren aika bayanai a kulle, TLS 1.3 a 2018 da QUIC a 2021, buɗe fakiti (ɗan ƙunshin bayanai da ake aikawa ta layi) don karanta cikinsa ya zama aikin baban giwa.

Abin da ya rage shi ne salon tafiyar. Ana tattara fakitocin hira ɗaya tsakanin na'urori biyu, a auna girmansu, tazarar da ke tsakaninsu, da ɓangaren da ya fi turowa, don a gane ko kira ne, bidiyo ne, ko wani abu daban. Kiran murya da G.711, wani tsarin mayar da murya lambobi, yakan fitar da fakiti 50 a daƙiƙa, kowanne da bayit (ma'aunin girman bayanai) 160 na sauti, daga ɓangarorin biyu, tamkar bugun agogo. Bidiyo kuwa a dunƙule yake zuwa: fakitoci masu kusan bayit 1500 su kwararo, layi ya yi tsit, sai su sake kwararowa. A 2005, Andrew Moore da Denis Zuev sun nuna cewa lissafin Bayes mafi sauƙi, wani lissafin yiwuwar abu da ake koya wa kwamfuta, yana gane ajin hira daidai a kusan kashi 65 cikin ɗari, bayan gyare-gyare ya kai kimanin 95.

Dabarar tana aiki, sai dai a ganina wurinta shi ne jera layi, a bai wa kira gaba a kan saukar da fayil. Ba ta isa a toshe wa mutum hanya da ita ba.

Alkaluman ɗakin gwaji suna da yaudara. Galibi hirarraki ake ƙirgawa, alhali ƙanana sun fi yawa nesa ba kusa ba. A kuskure manya guda goma, rabin nauyin layin ya faɗa ajin da ba nasa ba, maki kuma yana nan fes. Ga na'urorin da ke ɗaukar fakiti ɗaya cikin 1000 don rage wa kansu aiki, wanda ke rusa ma'aunin tazara gaba ɗaya. Manhaja ta sabunta kanta, girman fakitocinta ya sauya, abin da aka koyar wa kwamfuta bara ya tsufa. VPN kuma, tsarin da ke lulluɓe duk bayanan mai amfani da shi, ya cusa kira da bidiyo cikin bututu guda.

A yi lissafi: kuskuren kashi 1 cikin ɗari a kan hira miliyan ɗaya, hira 10,000 ke nan. Idan jera layi ake yi, sun ɗan jinkirta. Idan toshewa ake yi, an katse su, kuma masu su ba za su san dalili ba.