Ranar da waya ta rufe bakin dattijo a shagon aski

Asabar ɗin da ta wuce na je aski a kudancin Chicago, shagon da na saba zuwa shekara bakwai ke nan. Kujeru huɗu ne masu juyawa, madubi ya cinye bango guda, talabijin na maƙale a sama ba a kashe shi, ga hoton Michael Jordan cikin jar riga mai lamba 23 har ya fara koɗewa. Mutum kan share awa biyu a ciki ko ba aski ya kawo shi ba, don nan ne majalisar baƙaƙen fatar unguwar. Musunsu kuma kullum ɗaya ne: wa ya fi kowa a tarihin ƙwallon kwando?

Masu furfura na Jordan ne, mai kofi shida, daga 1991 zuwa 1993 da kuma 1996 zuwa 1998. Samari na LeBron James ne, wanda a 2023 ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, ya zama wanda ya fi kowa tara maki a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Ana cikin haka wani dattijo da ya doshi tamanin ya ce, cikin sanyin murya, shi da idonsa ya ga Bill Russell, wanda ya ɗauki kofi 11 cikin shekara 13 da Boston Celtics, a zamanin da ake iya hana baƙar fatar ɗan wasa abinci a otal. Bai rufe baki ba wani yaro sa'an jikansa ya zaro waya ya kai masa ita har fuska, ya kira sunansa gatsal, ya ce ƙungiya takwas ce kacal a gasar lokacin da Russell ya fara, jifan nesa mai maki uku ma sai 1979 aka kawo shi cikinta. Shago ya ɗauki dariya. Dattijon ya laluba hularsa ya yi shiru.

Abin ya tsaya mini a rai har yau. Yaron bai yi ƙarya ba, kuma na yarda mutanen nan sun iya adana tarihi; kowane jifa a rubuce yake. To amma lissafi ya san me mutum ya haɗiye kafin ya shiga fili? Ko Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda aka zaɓa na farko cikin sababbin 'yan wasan NBA a 1984, Jordan na na uku, ya ci kofi a 1994 da 1995, wace waya ce za ta auna wasannin da ya buga da azumi a bakinsa? Babu ma wanda ya ambace shi ranar.

Mu ma muna musu, har jijiyar wuya ta tashi. Amma in dattijo ya ce ya ga Shago a fagen dambe, kowa kan gyara zama ne. Ba a tambayarsa mutum nawa Shago ya kashe, a turmi na nawa. Ganau ne, an ba shi girman ganau, mawaƙi Ɗan Anace kuma ya riƙe sauran da bakinsa. Wanda bai yarda ba sai ya bari tsoho ya tashi tukuna. Ana cewa wannan ne ya hana mu ci gaba. Ni dai ban ga ci gaban da ke cikin tsohon da ya fita da askinsa rabi ba.

Da dare na kwashe labarin na ba ɗana, wanda a nan aka haife shi, na haɗa masa da na Shago yadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake ba mu a kan tabarma bayan isha'i. Ya saurara tsaf, sannan ya ce da Hausarsa mai tsami, "Baba, shi Shagon kofi nawa ya ci?" Na rasa ta cewa. Washegari da asuba na kira Kawu a gida, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga damben da ido, na ce ya ware mana Lahadi mai zuwa, zan miƙa wa yaron wayar.