Ihsan sunan namiji ne, kuma ya dace da shi

Na karanta labarin mahaifin da dangi suka matsa wa ya canza wa ɗansa suna, wai Ihsan ya koma na mata. Malam, kada ka canza. Nan Sakkwato tun kakanni muna da Gambo namiji da Gambo mace, ga Auta, ga Kyauta, ba wanda ya taɓa jin kunyarsu. Hindu da muke raɗa wa 'ya'ya mata yau, ai ɗan Nana Khadija, Hindu bin Abi Hala, namiji ne kuma sahabi. Nura kuwa wurinmu na maza ne, alhali Larabawa mata suke sa wa.

Abin da addini ya nema shi ne suna mai kyakkyawar ma'ana, Ihsan kuwa ya cika wannan. Gaskiya yara kan yi tsokana in malamin Islamiyya ya kira rajista, yaro da yarinya suka amsa tare, kuma hakan na ci wa yaro rai. Sai a haɗa masa da Muhammadu, ya zama Muhammadu Ihsan, har a takardar haihuwa. Allah Ya raya shi.