Shekara bakwai William Blake ya yi yana sassaƙar jan ƙarfe

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara zubo waƙa da zane cikin ƙiftawar ido, wata magana ta samu gindin zama a kafafen sada zumunta: wai zaman koyo ɓata lokaci ne, idan kana da baiwa na'ura za ta ƙarasa sauran. Maganar nan tana ci mini rai, domin yara masu tasowa ne ke haɗiye ta.

A ɗauki William Blake, marubucin waƙa kuma mai zane na Ingila, wanda akan ambata duk lokacin da ake zancen baiwa. Mutane sun fi son labarin cewa yana yaro ya ce ya ga mala'iku a kan bishiya. Ba a cika faɗin abin da ya biyo baya ba. An haife shi a Landan a 1757, mahaifinsa mai shagon sayar da safa ne. Yana shekara 10 aka sa shi makarantar zane ta Henry Pars. A 1772 aka danƙa shi ga James Basire, masassaƙin zane a farantin jan ƙarfe, ya zauna ƙarƙashinsa shekara bakwai cur. Maigidan ya riƙa aika shi majami'ar Westminster ya kwafi siffofin kaburburan sarakuna, aikin da matashin yau zai kira bauta.

Da ya zo fitar da littafin waƙoƙinsa Songs of Innocence a 1789, da hannunsa ya rubuta baitocin a juye a kan faranti, ya zana hotunan a gefensu, asid ya cinye wuraren da babu rubutu ko zane, shi da matarsa Catherine suka buga suka sa launi. Wanda bai sha wuyar Basire ba ina zai samo wannan dabara? Ko a nan gida, makaɗi nawa ne ya gawurta bai taɓa yin amshi ba?

Masu cewa na'ura kayan aiki ce kamar alƙalami suna yaudarar kansu, alƙalami bai taɓa zaɓa wa kowa kalma ba. Wannan lalaci ne aka yi wa ado da sunan ci gaba, kuma malaman da ke yi masa tafi sun ci amanar ɗalibansu. A dawo da darasin zane da hannu a firamare, ƙungiyoyin marubuta kuma su haɗa kowane sabon shiga da wani gwani da zai riƙa duba masa baiti yana sa shi sakewa.