Walimar sauka ta zama gasa, tarbiyya kuma an jingina ta ga malamin Islamiyya

Makon jiya na halarci walimar saukar ɗan wani maƙwabcina a Tudun Wada. An kama zauren taro, an fitar da anko, an ɗauko mai hoto, har da kek mai siffar allo. Na taya su murna da zuciya ɗaya, don saukar Alƙur'ani abin farin ciki ne. Amma ana tsakiyar rabon abinci na hango malamin da ya shekara da shekaru yana biya wa yaron karatu, yana tsaye a bakin ƙofa babu kujera. Uban bai ma gane shi ba sai da aka nuna masa. Tun ranar abin yake cina.

Haka muka koma a Kaduna. Daga Kawo zuwa Rigasa babu lungun da ba ka jin muryar yara suna hadda da yamma, kuma a lungunan nan ake ƙwacen waya, a nan 'yan sara-suka ke tashi. Ka bincika, da yawansu sun yi Islamiyya, wasu har sun sauke. Karatu bai yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne uba mai zama da ɗansa.

Mun ɗauki tarbiyya kamar kwangila: ka biya kuɗin wata, ka ɗinka kayan makaranta, shi ke nan ka sauke nauyi. Malam yana da yaron awa biyu a cikin aji mai cunkoso, ya koya masa cewa ƙarya haramun ce. Yaro ya dawo gida, mai bin bashi ya yi sallama, uban ya leƙo ya ce, "Je ka ce masa ba na nan." Ya ji uwarsa tana cin naman kishiyarta a waya. Lokacin jarrabawa ya zo, a biya kuɗi a kai shi inda za a ba shi amsa. Wane darasi ne zai zauna a ransa, na allo ko na tsakar gida?

Addinin da muke tinƙaho da shi bai ɗora wannan nauyi a kan malami ba. A Suratut Tahrim, aya ta 6, mu aka umarta mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta. A Suratu Luƙman uba ne ya zaunar da ɗansa da kansa, ya yi masa nasiha kan salla da haƙuri da barin girman kai, har da sassauta murya.

Masu cewa laifin TikTok ne su gaya mana wa ya sayi wayar, wa ke saka mata data. Masu jiran gwamnati kuwa, a 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, shaye-shaye bai bar unguwanninmu ba.

Kuma mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon duka a baya. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da sunan a gyara musu hali. Icen da ba a tanƙwara yana ɗanye ba, aka kai wa wani ya karya. Muka yi Allah wadai na kwana biyu, muka koma gidan jiya.

Makarantun Islamiyya su rage wannan almubazzaranci na walima, su wajabta wa uba zuwa da ƙafarsa ya ji halin ɗansa ko sau ɗaya a zango. Limamai su riƙa faɗa a huɗuba ba tare da kara ba. Kuɗin anko da na zaure kuma a ƙara wa malamin da ke tsaye a bakin ƙofa.