Masu Riƙe da Makullin Ɗakin Ibada

Jiya bayan sallar isha'i, a wani zaure cikin Birni nan Damagaram, wani dattijo ya tambaye ni dalilin da ya sa annabawa suka fi shan wuya a hannun shugabannin addinin zamaninsu fiye da hannun talakawa, kuma har yanzu tambayar ba ta bar zuciyata ba.

A shekara ta 610, da wahayi ya fara sauka, Waraƙa ɗan Naufal ya shaida wa Manzon Allah (SAW) cewa mutanensa za su fitar da shi daga garinsu, domin babu wanda ya taɓa zuwa da irin abin da ya zo da shi face an yi gaba da shi. Haka kuwa aka yi a 622. Ƙuraishawa ne ke riƙe da makullin Ka'aba da shayar da mahajjata, gumaka 360 da ke kewaye da ita kuma su ne ke jawo ayarin Larabawa da dukiyarsu zuwa Makka, saboda haka kalmar tauhidi ta taɓa musu girma da abinci gaba ɗaya. Mutumin da da bakinsu suka kira Al-Amin, shi suka koma kira mahaukaci da boka. Annabi Isa (AS) ma manyan malaman ɗakin ibada na Ƙudus ne suka kai ƙararsa wurin hukumar Rumawa.

Ilimi ba shi ne laifin ba, ga Abdullahi ɗan Salam, babban malamin Yahudawan Madina, wanda iliminsa ne ya kai shi ga miƙa wuya. A ganina, tsoron rasa kujera da mabiya ne ke rufe idon masani.

Ƙofar annabci ta rufe, wannan babu ja, amma cutar ba ta mutu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya sha suka daga malaman fada tun kafin ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda a yau, lokacin tafsirin azumi, za ka ji ƙaramin malami ya kawo gyara tare da hujja, sai babba ya bar hujjar gefe ya shiga tambayar ɗan wane ne shi, kuma a zauren wa ya yi karatu.