Sai da aka buga takarda aka nemi shawararmu

Har yanzu raina bai huce ba kan zaman shekaranjiya. Da murnata na amsa gayyatar da aka yi mana, cewa mu majinyata za mu zama masu ba da shawara a binciken hawan jini da za a yi a ƙananan asibitoci. Mu 6 muka je. Muna zama aka raba mana takardar tambayoyi, an riga an buga ta tsaf, aka ce mu duba mu sa hannu.

Wata baiwar Allah da ke gefena, shekara 11 tana shan magani, ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, ban ga inda aka tambayi mutum me ya sa yake tsallake ƙwayar da ke sa fitsari ranar da zai yi doguwar tafiya ba." Duk muka gyaɗa kai, don babu wanda bai taɓa yin haka ba a cikinmu. Aka ce mata lokacin gyara ya wuce.

To me aka kira mu mu yi? Wannan ai ihu ne bayan hari. A kira majinyaci tun ana tunanin abin da za a bincika, tun takardar tana fara fat. In an bari sai an gama, an mai da shi ɗan amshin Shata, sunansa kawai ake so a cikin rahoto.

Na san za a ce ba mu karanci likitanci ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a ba shi lissafin alƙaluma ya yi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masana ciwon amosanin gaɓoɓi sun daɗe suna auna kumburi da raɗaɗi, sai a 2002 da taronsu na OMERACT ya zaunar da majinyata, su ne suka ce ina gajiyar nan mai hana mutum tashi daga shimfiɗa? A 2006 aka amince a riƙa auna ta. A Birtaniya tun 2004 ƙungiyar James Lind Alliance ke haɗa majinyata da masu jinya da likitoci su fitar da tambayoyi 10 da suka fi damunsu kafin masu bincike su soma. Amurka ta kafa PCORI, cibiyar da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya, a 2010 kan wannan manufa. Sanarwar Alma-Ata ma, wadda taron duniya kan kiwon lafiya ya fitar, tun 1978 ta ce jama'a na da haƙƙin shiga tsara kiwon lafiyarsu. Tsarawa aka ce, tun daga tushe.

Masu cewa zai ci lokaci, binciken da ya yi tambayar da ba ta dami kowa ba fa, lokacin wa ya ci? Masu cewa mutum 6 ba sa wakiltar kowa, sai ku ƙaro wasu, amma ku ƙaro su da wuri.

Wallahi ba don raini nake faɗa ba. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su ne suka riƙe ni shekara da shekaru, ina son aikinsu ya yi amfani, shi ya sa ban sa hannun ba.