Bakano da Bazazzagi a Wajen Ƙidayar Gajimare

Wani Bakano mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya buɗe shago a intanet, ya kama hayar na'urori a gajimaren AWS, wato kwamfutocin kamfanin Amazon da ake haya ta intanet. Shekara huɗu yana ƙara wannan yana sauya wancan da danna linzamin kwamfuta, bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na abin da ya yi ba. Da ya yi niyyar gina shago na biyu, sai ya aika aka kira masa wani Bazazzagi injiniya.

Bakano: Malam, na san bawa ba ya koya wa ubangidansa aiki, amma lalura ta sa na neme ka. Ina so a gina mini shago irin wannan sak, sai dai na manta yadda na gina na farkon.

Bazazzagi: Alhaji, maganar wane ne bawan wani mu jingine ta sai an biya ni. Tunda babu taswirar ginin, za mu sa kwamfuta ta zagaya gidan ta zana mana ita. CloudFormation, wani kayan aikin AWS, yana nan tun 2011 yana gini daga rubutacciyar taswira, kuma a Fabrairun 2024 aka ƙara masa dabarar yin akasin haka, wato ya duba abin da aka riga aka gina ya rubuta taswirarsa. Zan buɗe baƙin allon nan in rubuta aws cloudformation start-resource-scan, shi kuma ya fara ƙidayar duk abin da ka mallaka a wannan yanki, domin AWS ya rarraba na'urorinsa yanki-yanki a duniya.

Bakano: Dakata! Tun zamanin kakanninmu, duk inda aka yi ƙidaya haraji yana biye da ita.

Bazazzagi: Wannan harajin ka daɗe kana biyansa duk wata da dala, ƙidayar za ta nuna maka ne kawai a kan me kake biya. Ga shi ta kammala. Yanzu zan zaɓi kayan da muke so, in ba da umarnin create-generated-template, sannan in karɓo rubutun da get-generated-template. Taswira ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce 500, amma naka bai kai ko kusa ba, duk da cika bakin Kanawa. Alhaji, na ga na'urori huɗu a nan: gwaji, gwaji-na-biyu, gwaji-kada-a-taba, da kuma wata mai suna ta-yaron-nan.

Bakano: Wannan abin naka ba shi da kunya. Ni taswira na ce a zana mini, ban ce a tona mini asiri ba.

Bazazzagi: Halinsa irin na telan da aka kai wa tsohuwar riga aka ce ya ɗinka irinta, ya ɗinko sabuwa har da facin da ke hammata. Abin da ya tarar shi yake rubutawa, bai san wanda ka yi da niyya da wanda ka yi cikin gyangyaɗi ba. Wace ce a cikinsu take ɗauke da shagon?

Bakano: Wadda na ce kada a taɓa, ina zato. Ko kuwa ta yaron nan, domin ranar da na kashe ta masu saye sun yi ta kirana har bayan isha'i.

Bazazzagi: To, ga wata babba. Taswirar ta nuna ƙofa ta 22, wadda ake bi a shiga cikin na'ura a ba ta umarni, a buɗe take ga 0.0.0.0/0, kuma ma'anar waɗannan sifilai ita ce duk wanda ke duniya yana iya zuwa ya ƙwanƙwasa.

Bakano: Wannan karamci ne, ku Zage-zagi ba ku san shi ba. Baƙonka annabinka.

Bazazzagi: Baƙin da ke zuwa wannan ƙofa ba sa sallama, kuma dare da rana suke gwada makullai. Idan na gina shago na biyu da wannan rubutu yadda yake, karamcin naka zai zama biyu. Zan taƙaita ƙofar ga adireshin intanet na ofishinka kaɗai. Sai kuma rumbun bayanai, inda aka bar gurbin kalmar sirri fanko tare da gargaɗi, domin irin wannan ana iya shigar da ita amma ba a iya karanto ta, don haka sai mu muka cike gurbin lokacin gini.

Bakano: Ashe yana da sauran mutunci. Kalmar ba ta da wuya, sunan atamfar da ta fi tafiya ne sai ɗaya, biyu...

Bazazzagi: Rufe bakinka, Alhaji, yaran shago suna ji! Kuma yau za a sauya ta.

Bakano: Shi ke nan, tunda taswira ta samu, danna maɓalli a gina mini na biyun a Ireland kafin la'asar.

Bazazzagi: Ba za ta ginu haka ba. Ya rubuta sunan ma'ajiyar hotunanka ta S3 a zahiri, kuma ba a yarda ma'ajiya biyu su yi suna ɗaya ba ko da suna yankuna daban. Lambar kwafin manhajar da ake tayar da na'ura da shi kuma ta yankin Cape Town ce, inda shagonka yake, idan aka kai ta Ireland babu wanda ya san ta. Dole in bi rubutun layi-layi in mayar da irin waɗannan su zama guraben da ake cikewa. Haka abin yake ko da Terraform ne, takwaran CloudFormation na wani kamfani, wanda ya sami irin wannan dabara a fitowarsa ta 1.5 a 2023, ko az group export na Azure, gajimaren Microsoft. Kafin nan bari in ƙidaya Ireland ɗin, domin ƙidayar yanki ɗaya take dubawa a lokaci guda.

Bakano: Kada ka wahalar da kanka, ban taɓa ajiye ko tsinke a can ba.

Bazazzagi: Ga wata ƙatuwar na'ura a kunne tun 2021, ba ta aikin komai, sunanta na-dan-lokaci.

Bakano: Innalillahi! Tun 2021? Da dala? Ni da nake rage wa yara kuɗin shayi saboda na ɗauka su ne suke cinye ribar! Kashe ta, Malam, kashe ta kafin ka ƙara numfashi!

Bazazzagi: Na duba babu abin da ya dogara da ita, na kashe. Yanzu na shigar da kayan Cape Town ƙarƙashin taswirar ba tare da an sauya komai ba, daga yau duk gyara a rubuce za a yi shi.

Bakano: To, gyaran farko shi ne sunan rumbun bayanan. Ba zai yiwu mutum kamata, mai rumfa uku a Kwari, rumbunsa yana amsa sunan gwaji-na-gaske ba. Sa masa babban-rumbun-alhaji.

Bazazzagi: Na sauya a rubuce, amma ban zartar ba, na nemi jerin canje-canje tukuna domin mu ga abin da zai faru. Dubi nan, ya ce sauya wannan suna yana nufin musanyawa. Za a gina sabon rumbu fanko a mayar da shagon kansa, tsohon kuma ko a rushe shi ko a jingine shi gefe, gwargwadon abin da aka rubuta a taswirar. Me ke cikin tsohon?

Bakano: Sunayen duk waɗanda nake bi bashi tun ranar da na buɗe shagon. A bar shi da sunansa! Gwaji suna ne mai albarka, da ina da ɗa namiji a hanya da na raɗa masa. Malam, me ya sa yatsanka yake matsawa kusa da maɓallin?

Bazazzagi: Ba komai, Alhaji. Na dai tuna da turmi uku da na karɓa wa iyali a wurinka da ƙaramar Sallah, aka ce a rubuta.